Ranar da baƙon Sin ya fara haƙa wa kansa

Duk wanda ya ce min dokokin hana Sinawa shiga Ostireliya sun samo asali ne daga tsoron cuta ko bambancin al'ada, sai in ce ya koma ya duba shekarun. Kafin a ga zinariya, Turawan da ke da manyan garkunan tumaki a yankin New South Wales na Ostireliya su da kansu suka aika aka kwaso musu Sinawa daga tashar jiragen ruwa ta Amoy da ke ƙasar Sin, tun daga 1848, domin an daina turo musu fursunoni daga Ingila, ga tumaki babu makiyaya. Mutum yana kiwo a daji kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu wanda ya ce ya yi yawa.

A 1851 aka tono zinariya. Mutanen lardin Guangdong na kudancin Sin suka fara zuwa da guzurinsu, yawanci da bashin kuɗin jirgi a wuya, suna kiran ƙasar Sabon Dutsen Zinariya. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne irin aikinsu. Ramin da Bature ya haƙa ya gaji ya bari, shi suke shiga. Su haɗa kai, su ɗebi ƙasar da aka zubar, su sake wanke ta da haƙuri, sai ga ƙwayoyin zinariya a gindin kwano. Wanda ya watsar da ramin ya dawo ya tarar ana ci daga abin da ya raina. Nan hassadar ta tsiro.

Shekara huɗu kacal, a 1855, yankin Biktoriya ya kafa doka: kowane Basine da ya sauka zai biya fam 10, kuma jirgi ba zai ɗauko fiye da mutum ɗaya ba a kan kowane tan 10 na nauyinsa. Ku dubi wannan lissafi, jama'a. Ana ƙirga ɗan Adam kai-kai kamar jangali, ana auna shi da nauyin jirgi. Baturen Jamus ko na Amurka da ya zo neman zinariyar nan ba a karɓi wannan kuɗi a hannunsa ba.

Masu jirage suka koma sauke su a Robe, can Ostireliya ta Kudu, inda dokar ba ta kai ba. Dubbai suka taka da ƙafa, fiye da kilomita 400, kaya rataye a sanda bisa kafaɗa, har Ballarat da Bendigo, garuruwan haƙar zinariya na Biktoriya. A 1857 Ostireliya ta Kudun ma ta toshe wannan hanya. A wannan shekarar aka far musu a kogin Buckland. A watan Yunin 1861 gungun mahaƙa suka afka wa sansaninsu a Lambing Flat da ke New South Wales, suka ƙone tantuna, suka doke su, suka yanke musu dogon kitsonsu. Me majalisar New South Wales ta yi? Kafin shekarar ta fita ta kafa dokar taƙaita shigar waɗanda aka daka.

Wannan yana min ciwo ƙwarai, musamman idan na tuna a daidai lokacin Birtaniya tana ɓalle ƙofofin Sin da igwa. Yarjejeniyar 1842 ta buɗe mata tashoshi biyar, ta 1860 kuma ta tilasta wa sarkin Sin ya bar mutanensa su fita ƙwadago a ƙasashen da take mulka. Ita ta ce su fito, 'ya'yanta suka tare su a bakin teku da takardar haraji.

Daga baya New Zealand ta kwafi fam 10 ɗin a 1881, Kanada ta sa dala 50 a 1885. Da Ostireliya ta dunƙule a 1901, Landan ba ta so a ambaci launin fata ƙarara a doka, sai aka aro dabarar Natal ta Afirka ta Kudu. Wato idan kana son shiga ƙasar, jami'i ya karanta maka kalmomi 50 ka rubuta, a duk harshen Turai da ya ga dama, kuma shi ke zaɓar harshen da ya tabbata ba ka ji. Wannan jarrabawa ba a soke ta ba sai 1958.