Kafin mu yi gardamar haihuwa, wa ya ƙirga waɗanda suka mutu?

Duk ranar da aka fitar da rahoto kan yawan jama'a, ba a wuce shafin farko. Da an ga kalmar haihuwa shi ke nan, kowa ya ja daga. Wannan ya ce makirci ne, so ake a rage mu. Wancan ya ce ai dama yawan haihuwar ne ya talauta mutane. A kwana ana cacar baki, babin mace-mace kuwa yana nan a rufe, ko leƙa shi ba a yi ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin shi ilimin nazarin yawan jama'a daga ƙirga gawa ya samo asali.

A shekarar 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya tattara takardun da ake fitarwa duk mako na waɗanda suka mutu a birnin. Jama'a suna duba su ne don su san ko annoba ta tashi, su tattara nasu ya nasu su gudu. Shi kuwa sai ya zauna ya jera su shekara bayan shekara. Ya gano ana haihuwar maza fiye da mata da ɗan kaɗan, abin da har yau haka yake, kusan maza 105 ga mata 100. Ya gano ƙananan yara ne mutuwa ta fi ɗauka. Sannan ya lura waɗanda ake binnewa a Landan sun fi waɗanda ake haifa, amma birnin sai ƙara cika yake, wato baƙi daga ƙauyuka ne ke cike gurbin. Daga lissafin matattu kaɗai mutumin ya hango haihuwa, ya hango ƙaura.

Na taɓa zama na karanta takardar tambayoyin da ake yi wa mata a binciken gida-gida kan haihuwa da mace-mace, akwai wurin da ya tsaya mini a rai. Ana tambayar uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke tare da ita, nawa ke wani wuri, nawa suka rasu. In ta ce babu wanda ya rasu, ba a wucewa. An umarci mai tambaya ya sake komawa: ko akwai jaririn da ya yi kuka, ko ya motsa, ko ya ja numfashi, ko da na ɗan lokaci ne? An sa wannan ne saboda an lura iyaye mata da yawa ba sa lissafa jaririn da ya koma da wuri. Wata mantawa take son yi, wata kuma a ganinta bai zauna ba balle a ƙirga shi. To ku duba, wannan yaron ba shi da takardar haihuwa, ba shi da ta mutuwa. In ba a yi wannan tambaya ta biyu ba, a idon hukuma bai taɓa zuwa duniya ba, kuma ba za a taɓa tambayar me ya kashe shi ba.

Irin waɗannan yaran ne ke jan alƙalumman ƙasa. Idan ka ji an ce matsakaicin tsawon rai a wata ƙasa shekara 42 ne, kada ka ɗauka mutane na faɗuwa matattu da sun kai 42. Ɗauki jarirai goma, huɗu su rasu kafin su shekara, shida su kai 70. Raba ka gani, 42 za ka samu. Tsofaffi suna nan da furfurarsu, jarirai ne babu.

A 1990 yara kusan miliyan 12.8 suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko zuwa miliyan 4.9. A shekarun 1960 mace ɗaya takan haifi kusan 'ya'ya biyar idan aka yi lissafin duniya baki ɗaya, yanzu wajen 2.3 ne. Ni a ganina waɗannan lissafai biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Uwar da ta binne uku ba za ka zaunar da ita ka ce mata biyu sun isa ba. Sai ta ga na maƙwabta suna rayuwa, nata suna rayuwa, sannan ita da mijinta su canza lissafi da kansu. A Iran, Jamhuriyar Musulunci ce fa, haihuwa ta sauko daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biyu a wajen 2000, daidai lokacin da ƙananan ɗakunan shan magani suka bazu a ƙauyuka, 'ya'ya mata suka cika makarantu. Ba na cewa ko'ina haka yake tafiya. Faransawa sun fara rage haihuwa tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da yara ke mutuwa birjik, kuma har gobe masana suna muhawara kan dalili.

Aure kuma shi ne ƙofar da aka fi mantawa da ita. A 1965 wani masani, John Hajnal, ya nuna cewa idan ka ja layi daga Leningrad ta Rasha (St. Petersburg a yau) zuwa Trieste ta Italiya, mutanen yammacin layin sun yi ɗaruruwan shekaru suna jinkirin aure, mata sai sun kai wajen shekara 25, wasu da dama ma har su mutu ba su yi ba. Babu ƙwaya, babu allura, amma haihuwa ta ragu. Wani masanin kuma, John Bongaarts, ya zo a 1978 ya sa shayarwa a cikin manyan abubuwan da ke tsawaita tazara tsakanin haihuwa da haihuwa. Yau ga Koriya ta Kudu: kusan duk haihuwa a cikin aure ake yinta, matasa kuma sun ja baya da auren saboda tsadar gida da wahalar aiki, sai lissafin haihuwa ya faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, alhali sai an kai wajen 2.1 kafin al'umma ta maye gurbin kanta. Gwamnati ta zuba kuɗi iya zubawa, abin da ya motsa kaɗan ne. Ƙasar Sin da ta yi shekara 35 tana tilasta ɗa ɗaya, yanzu ta halatta uku tana lallashi, amma tun 2022 yawan jama'arta raguwa yake.

Ƙaura ba zan daɗe a kanta ba. Mutum sau ɗaya ake haifarsa, sau ɗaya yake mutuwa, amma yana iya tashi sau goma, shi ya sa ta fi komai wuyar ƙirgawa. A 2020 masu zaune a wata ƙasa da ba a cikinta aka haife su ba sun kai miliyan 281, wato ko kashi huɗu cikin ɗari na mutanen duniya ba su kai ba. Surutun ya fi adadin yawa.

Masu zargi fa suna da hujjarsu, kada a raina musu hankali. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa na dindindin, da yawansu bisa tilas, kuma da sunan alƙaluma aka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai gudun ƙidaya bai taɓa kare talaka ba. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafin ungozoma ko aji ko rigakafi.

Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne wannan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan huɗu cikin goma na mace-macen duniya ba a yi musu rajista, a Afirka kuwa ɗaya cikin goma kacal ake rubutawa. Ƙasashe sama da 90 sun dogara da wani shirin binciken gida-gida da Amurka ta riƙa ɗaukar nauyinsa tun daga 1984, a nan ake yin waccan tambaya ta jaririn da ya yi kuka. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta janye kuɗinta. Na zuba ido in ga masu cewa Turawa na ƙirga mu don su rage mu sun fito sun ce to madalla, yanzu gwamnatocinmu su sa kuɗinsu su ƙirga mu da kansu. Har yau shiru nake ji.