Kunne Ba Kishiyar Ido Ba Ne

A nan Ingila akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu son littattafai: wai wanda ya saurari littafi daga farko har ƙarshe, ya halatta ya ce ya karanta shi? Sai ka ga mutum da girmansa yana noƙewa kamar an kama shi da kayan sata, yana cewa ai shi saurara ya yi, bai karanta ba. Wasu kuwa hanci suke ɗagawa, a ganinsu sauraro hanyar ragwaye ce. Ni dai in aka tayar da zancen dariya yake ba ni, domin a duniyar adabin Hausa da na sani littafi ya daɗe yana shiga ta kunne, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗauki hakan abin kunya ba.

Cikin 'yan watannin nan na bi ta hanyoyin nan uku, takarda da murya da talabijin, kuma kowace ta nuna mini halinta. A takarda, wani ƙaton littafi nake ja a hankali, kan tarihin fataucin Sahara. Littafi ne mai taswira da ƙananan bayanai a ƙasan shafi, cike da sunayen garuruwa: Sijilmasa, Taghaza mai gishiri, Gadamas, Gat, Bilma, Agadas. Irin wannan ba na kunne ba ne. Marubuci zai ambaci wata rijiya a babi na biyu, sai a babi na tara ya dawo kanta, dole ka sa yatsa tsakanin shafuka ka koma ka duba taswira. Murya kuwa ba ta jira. Kafin ka gama tunanin ina ne Taghaza, ayari ya riga ya isa Tambutu.

Wanda na saurara kuma tarihin rayuwar wata mata ce, ita ta rubuta, ita ta karanta da bakinta. Da ta zo kan rasuwar mahaifiyarta sai ta ɗan tsaya, tsayawar da ba ta kai numfashi biyu ba, sannan ta ci gaba da murya a dakushe. Babu waƙafi ko ayar da za su iya ɗaukar wannan. Da a takarda na ci karo da wurin, da na wuce shi kamar kowane sakin layi. Saboda haka masu cewa sauraro ragaggen karatu ne, sai su faɗa mana wane littafi suke nufi.

Masana ma sun leƙa cikin lamarin. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron labarai, sannan suna karanta labaran a rubuce, suka tarar wuraren da ke sarrafa ma'anar kalmomi kusan iri ɗaya suke motsawa ta kowace hanya. Inda bambanci yake shi ne sauri da iko. Mai karanta littafin saurare da Turanci yakan furta kalma 150 zuwa 160 a minti, baligi mai karatu a zuci kuwa yakan kai wajen 240. Littafi mai kalma dubu ɗari zai ci kusan awa 11 a kunne, amma a ido awa 7 ta isa. Shi ya sa mutanen nan suke ƙara wa murya gudu a manhaja har ta koma kamar ta mai cigiya a tasha. Wannan kam ba na tare da su. In gaggawar ta kai haka, a ɗauki takarda.

Ina zaton raina sauraron da ake yi a nan yana da nasaba da asalinsa. Don makafi aka fara harkar. A Amurka an soma naɗar littattafai a faifai a farkon shekarun 1930, a Birtaniya kuma ƙungiyar makafi ta RNIB ta ƙaddamar da nata shirin a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai abin ya zauna a zukata a matsayin madadi, na wanda ba shi da yadda zai yi. Duk da haka tun 1949 BBC take da shirin karanta littafi da daddare a rediyo, kuma har gobe ana yin sa. Sai da wayar hannu ta zo, Amazon ya sayi Audible, kamfanin sayar da littattafan saurare, a 2008, sannan abin ya zama babbar kasuwa, har Spotify ma ya shigo a 2023 yana ba masu biyan kuɗinsa awa 15 ta sauraron littafi kowane wata.

Mu namu tarihin ba haka ya faro ba. Rediyo ya riga jarida isa gidaje da yawa, kuma ya fi ta zama. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus ya biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Da littattafan soyayya suka yi tashe daga shekarun 1980, gidajen rediyon Arewa sun riƙa karanta su babi-babi, mata da maza suna jiran lokaci. Gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016 ma, ba a tsaya ga buga labaran ba, karanta su ake yi a iska. Yau kuma ga tashoshin YouTube birjik, aikinsu ke nan, karanta littattafan marubutan intanet kashi-kashi, ana tura wa juna ta WhatsApp.

Kuma murya tana yi wa Hausa wani aiki da ba ta yi wa Turanci. Bahaushen Maraɗi da ya yi makarantar Faransanci, da na Kumasi, da na Sudan wanda ya fi sabawa da baƙaƙen Larabci, da dattijon da ajami kawai ya iya, ba lalle su zauna su karanta shafi ɗari uku na boko ba. Amma duk za su saurara, su fahimta sarai. Sannan rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mai karatu ne yake cike gurbin da kansa, daga ma'anar jimla. Idan gwani ya karanta maka, ya ɗauke maka wannan nauyin, habaici ya fito habaicinsa, gatse ya fito gatsensa.

To ina muka bambanta da mutanen nan? Ba a yawan masu saurare ba. A tsari ne, kuma nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Da katin laburare na unguwa, wanda kyauta ake bayarwa, ina aron littafin saurare a waya ta manhaja irin BorrowBox ko Libby. Idan wa'adi ya cika, littafin ya koma da kansa. Wani lokaci har layi ake bi, don laburaren lasisin kwafi kaza ya saya, ba zai ba da fiye da haka a lokaci guda ba. Da farko abin kan ba mutum haushi: fayil ne fa, ba ya ƙarewa. Amma wannan layin shi ne shaidar cewa an biya wani. Ban da kuɗin lasisi, Birtaniya tana da doka tun 1979 da ta sa gwamnati biyan marubuci wani ɗan abu duk lokacin da aka ari littafinsa a laburaren jama'a. A 2014 aka shigar da littattafan saurare, a 2018 aka haɗa da waɗanda ake ara ta intanet, kuma har mai karantawa yana da kasonsa. An ƙayyade kada mutum ɗaya ya wuce fam 6,600 a shekara, don kada manyan marubuta su lashe asusun. Ba kuɗin da zai sa mutum ya yi arziki ba ne, amma yana nuna an san akwai mai haƙƙi.

A wajenmu fa? Marubuciya za ta kwana tana danna waya da babban yatsa, wata da watanni, ta gama littafi. Ba a jima ba sai ta ji shi a bakin wani a YouTube, an yanka shi kashi arba'in, talla na shiga tsakani, kuɗin tallan na tafiya aljihun mai tasha. Ban ce duka ba. Akwai masu neman izini, akwai masu biya, Allah Ya saka musu. Amma kukan marubuta kan satar fasaha ya yi yawan da ba za a ce ƙage ba ne. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta tanadi hanyar sa a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Doka tana nan a takarda. Marubuciyar da ke lallaɓa kuɗin data ba ta da lauya.

Sai kuma ingancin karatun kansa. A nan sana'a ce mai zaman kanta, da yawan masu yin ta 'yan wasan kwaikwayo ne. Mutum zai karanta littafin tukuna, ya tambayi yadda ake furta kowane suna, ya shiga ɗakin naɗar murya da wani a gefe yana tsayar da shi duk inda ya yi tuntuɓe. Awa ɗaya da ka saurara, awoyi da dama aka ɓata a kanta. Namu da yawa karo na farko ke nan da mai karantawa yake ganin shafin, kana ji yana cin karo da kalma yana komawa baya, janareta na ruri, an kuma ɗora wani kiɗan tausayi da ya danne maganar. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa da muryar na'ura. Tun da rubutun bai nuna mata inda za ta hau da inda za ta sauka ba, sai ta riƙa jefa kalmomi yadda ta ga dama, Hausar ta fito kamar ta baƙon da ya haddace ƙamus. Abin mamaki, duk da haka dubban mutane suna saurara. Wannan ƙishirwa ce, ba gamsuwa ba.

Idan ana neman kishiyar littafi ta gaskiya, a duba bangon falo. Littafin saurare ba ya taɓa lokacin karatu. Lokutan da yake ci, dama can ba na littafi ba ne: cikin jirgin ƙasa, wajen wanke-wanke, tafiyar ƙafa a duhun hunturu da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Talabijin kuwa ido da kunne yake so gaba ɗaya, kuma a daidai sa'ar nan ta bayan isha'i da mutum zai buɗe littafi. Shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a 2017 cewa barci ne abokin gasarsu. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ambaci wanda aka fara kayarwa kafin a kai ga barcin ba.

Na ga hakan da wani labarin ɗan sanda mai bincike da na fara saurara, sannan na kalli fim mai dogon zango da aka yi daga littafin. Fim ɗin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Amma ya ƙwace mini fuskar mutumin. Wanda na ƙera a raina siriri ne mai gajiyayyun idanu, yanzu ko na koma littafin ɗan wasan nake gani, ba ya gogewa. Murya tana bar maka aikin zana fuska da ɗaki da titi, kamar yadda takarda ke yi. Allo shi ya gama maka komai. Ga kuma dabarar nan ta sakin zango guda a rana ɗaya, kashi na ƙarewa wani na tashi da kansa cikin 'yan daƙiƙu, kafin ka lalubo rimot.

A nan kam finafinanmu masu dogon zango sun fi mini daɗin sha'ani ta fuska ɗaya. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, daga baya furodusoshin Kannywood suka koma YouTube, mako-mako ake sakin kashi. Kana da kwana shida na jira, na musu da 'yan uwa a waya kan wa ya kyauta wa bai kyauta ba, kuma cikin kwanakin nan littafi yana samun wurin shiga. Aibinsu jan labari. Abin da zai ƙare a zango biyu sai a kai shi na bakwai, a kashe mutum a dawo da shi, saboda talla na shigowa. Kuma marubuta da dama da suka iya gina labari sun karkata can, don can ne ake biya. Ba na ganin laifinsu.

Na taɓa rubuta Hausa a wurin bincike na manhajar laburaren nan. Abin da ya fito bai wuce na koyon gaisuwa ba. Harshen da dubun dubatar mutane ke sauraron rediyo da shi kullum, ba shi da ko kanta ɗaya a can. Alhali kayan suna nan. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 gajeru ne, kowanne zai shiga cikin 'yan awoyi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, gininsa ma gaba ɗaya a kan mai ba da labari da mai saurare yake, aku na magana ɗan sarki na ji. Masu muryar ma muna da su: tsofaffin ma'aikatan rediyon Kaduna da Kano da Yamai da suka yi ritaya, waɗanda suka shekara talatin suna karanta labarai ba tare da sun ci karo da kalma ba. A nemi izinin masu haƙƙin bugawa, a zaunar da su a ɗaki marar ƙara, a raba aikin babi-babi yadda zai sauku a waya da ƙaramar data, a cire kiɗa. A takardar yarjejeniya kuma a rubuta kason marubuci ko magadansa da na mai karantawa, da lambobi, kafin a kunna makirufo.