Wata uku ba ta isa a tsara takardun kamfani

Wata uku! Wa'adin da aka ba mu ke nan a taron jiya, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Masu bibiyata sun san sitonmu, na sha sa muku hotonsa. Kwalaye daga ƙasa har silin, fayil ɗin 2009 kwance a kan na 2021, wani kwalin ma gara ta cinye gindinsa, kana ɗagawa baucoci su zube maka a ƙafa. Wai shi za a mayar tsarin adana bayanai na zamani cikin wata uku, don an sayo na'urar sikanin guda biyu.

Na miƙe na ce, Yallaɓai, sikanin ba tsari ba ne. Ina nan a kan bakana. In ka ɗauki hoton tarkace ka zuba a kwamfuta, tarkacen ne dai ka samu, sai ma ya fi wuyar lalubowa.

Matakin farko ma kaɗai ya isa ya cinye wata ukun. Sai ka bi sashe-sashe, daga wajen akanta zuwa sashen ma'aikata zuwa masu saye da sayarwa, kana tambayar me suke ajiyewa, a ina, wa ke riƙe da mukulli. A nan za ka gane rabin takardun ba sa sito. Suna durowar mutane, suna imel, wasu suna WhatsApp ɗin wanda ya bar aiki bara.

Sannan a zo ga jadawalin da ke faɗin shekara nawa kowace takarda za ta yi kafin a ƙona ta. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a riƙe bayanan lissafin kuɗi shekara 6. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna da makamantansu riƙe bayanan hulɗa aƙalla shekara 5. Ita kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana ka riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Wata ta ce ajiye, wata ta ce kar ka wuce iyaka. Wa zai daidaita su? Sai lauya ya duba, odita ya duba, daraktoci su sa hannu. Na'urar sikanin ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Bayan nan a horar da ma'aikata, a jira a rufe lissafin shekara guda cur a kan sabon tsarin, a ga inda ya ɓalle a gyara. Ni a ganina kamfani mai rassa irin namu, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, shi ma in manya sun tsaya tsayin daka.

Wani ya ce ai akwai kamfanin da ya gama a sati shida. Sikanin suka yi, na ce. Wani ya ce manhaja za ta yi komai. Manhajar ce za ta gaya maka wace takardar kwangila ce ta asali a cikin kwafi huɗu? Ku bar wannan zancen.

Ku dubi Arthur Andersen a Amurka, katafaren kamfanin odita da ya lalata takardun Enron, kamfanin makamashin da yake duba wa lissafi, a 2001. Kafin 2002 ta ƙare Arthur Andersen ɗin ya durƙushe, ƙarshen wasa da takardu ke nan. A nan gida, masanin tarihi Kenneth Dike ya fara binciken takardun gwamnati a 1951, aka buɗe ofishin adana su a Ibadan a 1954, dokarsa ba ta fito ba sai 1957. Haka aikin yake, ba ya son gaggawa.

Abin da ma ya fi ci mini rai, Baba na rajista zai yi ritaya a Disamba. Ka faɗi sunan abokin ciniki, ya nuna maka kwali ba tare da ya duba littafi ba. Babu wanda aka sa ya zauna da shi ya rubuta abin da ke kansa. Kuma don Allah, kwanon rufin siton nan yana yoyo ta kusurwar gabas, a turo kafinta kafin damina ta faɗi.