Wanda ya yi niyyar barin giya, da masu tsaya masa

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwa, babu Musulmin da ke jiran a sake gaya masa hukuncin giya. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ta ce a nisance ta, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Mashayin kansa ya san haka. Abin da wa'azi ke yawan tsallakewa shi ne halin da jikinsa zai shiga a kwana ukun farko bayan ya ajiye kwalba, alhali a nan ne da yawa ke komawa gidan jiya, wasu ma su rasa ransu.

Allah Ya san irin riƙon da giya ke yi wa ɗan Adam. A Baƙara, aya ta 219, Ya ce zunubinta ya fi amfaninta. A Nisa'i, aya ta 43, Ya hana kusantar salla cikin maye. Daga baya hanin ƙarshe ya sauka. Nana A'isha (RA) ta ce da a ce abin da ya fara sauka shi ne "kada ku sha giya", da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Wannan bai ba kowa izinin ci gaba da sha ba, hukunci ya riga ya tabbata. Darasinsa shi ne fita daga giya yana buƙatar shiri.

Giya tana ƙarfafa wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda ke kwantar da jijiyoyi, tana kuma danne wani mai suna gulutamet, wanda ke zaburar da su. In mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwa sai ta rage na farko ta ƙara na biyu don ta daidaita. Kamar direba ne da ya danne totur saboda wani ya take masa birki. Ranar da aka ɗage birkin farat ɗaya, motar ce za ta ƙwace.

Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe hannu zai fara karkarwa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugu da sauri, ga tashin zuciya da fargaba da rashin barci. Cikin awa 48 na farko wasu kan faɗi suna jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga awa 48 zuwa 72, wani lokaci har zuwa 96, shi ne mafi hatsari: zazzaɓi, ruɗewa, sambatu, mutum ya kasa gane inda yake, yana kaɗe ƙwarin da babu su daga jikinsa. Iyali da yawa suna ganin haka sai su ce aljanu ne, su kulle shi a ɗaki. Ku yi masa addu'a, amma ku yi ta a hanyar asibiti, domin wannan ruɗewar tana kisa in ba a yi magani ba.

Ba kowane mai sha ke shiga wannan hali ba. Amma ɗan'uwa, in kullum kake sha, ko sai ka kurɓa da safe hannunka ke daina rawa, ko ka taɓa jijjiga a wani yunƙurin bari, ko kana da ciwon hanta, zuciya ko suga, to ka ƙulla tubarka yanzu tsakaninka da Allah, ka kuma ga likita a yau ɗin nan. Ka gaya masa gaskiyar abin da kake sha da lokacin shan ƙarshe. In ka rage lissafi saboda kunya, zai rage maka magani, kai ne za ka sha wuya. Yawanci akan ba da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diazepam na 'yan kwanaki ana rage shi sannu a hankali, tare da bitamin B1, saboda ƙarancinsa a jikin mashayi na iya lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya daina riƙe sabon abu. Kada ka sayi diazepam ɗin da kanka: shi ma yana kama mutum, haɗa shi da giya kuwa na iya tsayar da numfashi.

Masu cewa "sai ranar ɗaya ga Ramadan zan bari" su lura. Haɗa barin giya da yunwa da ƙishirwa a rana guda ganganci ne ga wanda jikinsa ya saba. A fara tun da sauran makonni.

In an wuce makon farko na bari, jiki na fara gyara kansa. Kitsen da giya ke tara wa hanta yakan narke cikin makonni kaɗan. In hanta ta riga ta yi tabo ta ƙandare, tabon ba ya gogewa, amma bari yana rage saurin lalacewar, yana ƙara tsawon rai da izinin Allah. Idon da ya koma rawaya, kumburin ciki, aman jini ko baƙin bayan gida alamu ne na a garzaya asibiti. Hawan jini kan sauka cikin makonni. Barci ne ke jinkiri: giya tana sa mutum ya ɓingire da wuri amma tana yayyanka barcin ƙarshen dare, bayan bari kuma rashin barci na iya kai makonni. Mutane da dama a nan suke yaudarar kansu da "kofi ɗaya don in samu barci". Ɗariƙ bn Suwaid (RA) ya ce wa Annabi (SAW) yana yin giya ne don magani, sai ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Giya na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji a baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nono, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 sakamakon shanta.

Sha'awar giya kuwa za ta riƙa zuwa, amma takan taso ne ta lafa, galibi cikin rabin awa. Ka san lokacinka. In da yamma ne, cika wannan lokacin: ci abinci ka ƙoshi, sha ruwa, yi alwala, tafi masallaci kafin magariba ka zauna har isha'i. Zubar da abin da ya rage a gida, kamar yadda Anas (RA) ya zubar da ta gidan Abu Ɗalha da jin sanarwar haramci. Canza hanyar komawa gida, goge lambobin abokan sha, ka samu mutum ɗaya da za ka iya kira ko tsakar dare ne. Akwai kuma magungunan rage sha'awa, irin su naltrexone da acamprosate, da likita ke rubutawa.

Ku kuma iyali, ku rage gori. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) wani da aka sha yi wa haddi kan giya, wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. In ɗan'uwanku ya zame, ya sake tuba a ranar, a koma wa likita. Ku san abu biyu game da zamewa: jikin da ya huta watanni ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da, don haka shan farko na iya kayar da shi fiye da tsammani, kuma wahalar bari takan ƙaru duk lokacin da aka maimaita ta, saboda haka wanda ya tsallake karon farko a gida lafiya, kada a ɗauka karo na biyu ma haka zai kasance.