Leɓena da Riyal 700

Aron tafarnuwa ne ya kai ni. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata ƙofa da sassafe, ta buɗe da hular barci a kai, ko fuska ba ta wanke ba, amma leɓenta jawur, sumul, kamar mai shirin fita biki. Na ce, "Maman 'yan biyu, yanzu har da jambaki kike kwana?" Ta kwashe da dariya, ta goga bayan hannu a baki ta nuna mini, babu abin da ya fita. Ta ce ai tawrid ne, shi ake yayi a Jidda, da allura ake cusa launin cikin fatar leɓe, ya zauna shekara 1 zuwa 3 kafin ya koɗe. Na koma gida ban karɓi tafarnuwar ba.

Ni dai Allah ya yi ni da baƙin leɓe, gadon gidanmu ne, kuma shekara 38 ina yawo da abina ba mu taɓa samun saɓani ba. Ranar nan na tsaya gaban madubi sai na ga ashe duk wahalar da na sha a duniya daga leɓen nan take. Ga shi kuma saura kwana 5 bikin 'yar ƙanwar maigida a Makka.

Washegari na sulale zuwa wani shagon gyaran jiki na mata a arewacin gari. Mai aikin ta ɗaga mini haɓa, ta juya ni dama da hagu kamar mai tayin akuya, sannan ta yi mini tambaya 2. Ta farko, ko ina da wani taro nan kusa, don abin yana ɗaukar mako 6 kafin ya kwanta. Na ce babu, ni ko fita ban cika yi ba. Ta biyu, ko ƙurajen nan masu fesowa a gefen baki bayan zazzaɓi suna yi mini, domin allurar tana tayar da su, kuma mai irinsu sai ta fara shan magani tukuna. Na ce ban ma san su ba. Alhali duk masassarar da na yi tun ina yarinya sai ta bar mini tsaraba a baki. Ƙarya 2 cikin minti 1, ga ni da carbi a jaka.

Sai ta yi mini bayanin da ya kamata in tashi in kama gabana. Ta ce leɓe mai duhu irin nawa ba a sa masa ruwan hoda kai tsaye, in an sa sai ya rine ya ƙara duhu. Dole a fara kashe baƙin da launin ruwan goro, a bari ya warke, sannan a dawo zama na biyu, wani lokaci har na uku. Ni kuwa duk maganar nan kunnena bai ɗauki komai ba sai "zai yi kyau".

Ta lafta mini man kashe zafi, ta rufe da leda, na zauna kusan rabin awa ina dalalar da yawu kamar mai haƙori. Daga nan ta ɗauko injin, wani abu mai kama da biro, yana kuka ziii irin na sauro. Da farko ban ji komai ba, har ina cewa a raina mata sun cika raki. Da ta iso tsakiyar leɓen sama, nan ɗan kwarin da ke ƙarƙashin hanci, sai da na tuna sunayen kakannina na wajen uwa da na wajen uba. Awa 2 muna abu ɗaya. Da ta miƙo madubi na leƙa, na waiwaya in ga ko wata ce a bayana. Baki ya yi suntum, ruwan goro shar, kai ka ce ganda aka tsamo daga miyar manja. Ta ce, "Mabruk." Na miƙa kati.

A nan niƙabi ya yi mini rana. Na shiga mota da shi, na hau bene da shi, na shiga kicin da shi. Autana ya bi ni da kallo ya ce, "Umma, baƙi za a yi?" Da maigida ya dawo daga Magariba ya tarar da ni ina zuba abinci fuska a rufe, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Masha Allah, abin har ya kai nan?" Na ce mura ce, ba na so in shafa wa yara. Ya ce in ɗaga ya gani. Na ɗaga. Ya yi salati, ya ja da baya. Na ce zuma ce ta harbe ni wajen shanya.

"Zuma. A hawa na 4."

Na ce ai tana da fiffike. Bai ce komai ba, ya zaro waya ya juyo mini da ita. Saƙon banki ne: riyal 700, da sunan shagon ɓaro-ɓaro. Ashe cikin ruɗewa katinsa na miƙa. Ya ce, "Wannan zumar da na'urar karɓar kuɗi take yawo." Sannan ya gyara zama ya karanto mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na la'antar mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Na ce wannan ba jarfa ba ce, gogewa yake yi. Ya ce, "An soka allura?" An soka. "An zuba launi a ciki?" An zuba. Ya ce to in tanadi hujjata. Da bakin da zan yi musu ai da na yi, amma ko "b" ba ta fita.

Dokokin jinyar ma kansu hukunci ne. Ba yaji, ba tsami, ba abu mai zafi, ba lasa, ba ɓantara, ruwa ma sai da bututun shan lemo. Kwana na 3 leɓe ya bushe ya fara saɓa kamar maciji. Kwana na 4 ƙurajen da na rantse ban sani ba suka iso, su da 'yan rakiyarsu. Kwana na 5 muka ɗauki hanyar Makka.

Duk wadda ta san bikinmu a nan ta san zauren mata daban yake, kuma da an shiga ake yaye abaya, kowa ta baje kolin leshi da gwal. Ni kaɗai na zauna a lungu a rufe ruf, kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa. Na jure gaisuwa, na jure hotuna. Abin da ban jure ba shi ne tsire. Mutanen Hijaz suna kiransa sire, wajen kakanninmu suka koya, kuma wanda aka kawo ranar daga titin Mansur na Makka yake, ƙuli-ƙuli da yaji sun kama shi har ciki. Na ce yanka 1 ba zai kashe ni ba. Na zura ta ƙarƙashin niƙabi.

Wallahi kamar an ɗora mini garwashi. Hawaye suka ɓalle, hanci ya biyo baya. Wata dattijuwa kusa da ni ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, aure ne, ba rabuwa aka yi ba. Ke kika riƙe ta?" Na gyaɗa kai, don ba ni da wata amsa. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga cewa matar kawun amarya ta fi uwar amarya kuka.

Hakan ya jawo surukata. Hajiya a Maiwurno aka haife ta, can bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan, garin da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma leɓenta na ƙasa baƙi ne mai ratsin kore tun kafin a haifi mijina. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ta ja ni bayan labule, ta sa yatsa ta ɗage niƙabin, ta ƙura ido ta daɗe. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji ta ce, "Allura nawa?"

Na ce, "Ɗaya ce, Hajiya, ta inji."

Ta yi tsaki. Ta ce nata shallufa ake ce masa, gab da aurenta aka yi mata. Allurai aka ɗaure dami guda, wata tsohuwa ta danne kanta a cinya tana caccaka tana cusa kwalli, ba man kashe zafi ba komai, ga ƙawaye sun kewaye suna jira ta yi ƙara su yi mata waƙa. Ta kwana da kwanaki tana shan kunu da ƙyar. Ta ce tun da ta ji hukuncin abin take istigfari, yau shekara fiye da 50, ni ma in fara nawa. Sannan ta tambayi kuɗin. Da na faɗa sai ta riƙe haɓa. "Mu aka soke mu don ya yi baƙi. Ke Allah ya ba ki baƙin kyauta, kin kai an kankare."

Bayan mako 2 ɓawon ya gama zuba, launi kuma ya ɓace ɓat, leɓena ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Na buga wa mai shagon a fusace. Ta ce haka yake yi, sabuwar fata ce ta rufe shi, zai fito a hankali, kuma kada in manta da zama na biyu, shi kuɗinsa daban. Na ce zan neme ta. Maigida ya riga ya canza lambar katinsa.

Launin ya fito kuwa, a mako na 6, daidai yadda ta yi alkawari: ruwan goro. Ranar Juma'ar da ta wuce muka je gaida Hajiya, na tarar da ƙawarta a ɗakin, wata tsohuwa 'yar Haɗeja. Ta amsa gaisuwata tana kallon bakina, ta kwance bakin zaninta, ta ɓare goro ta miƙo mini rabi. Ta ce, "Ungo 'yata, na ga ke ma kina taɓawa."