Wasan daɓe a Kaduna: a bar mu mu sayi tikiti

Wanda duk ya duba sanarwar wasannin daɓe da ƙananan ƙungiyoyi ke shirin nunawa a Kaduna zai ga tambarin masu ɗaukar nauyi ya fi sunan wasan girma. Wannan kan zaman lafiya, wancan kan riga-kafi, na gaba kan shaye-shaye. Shiga kyauta, wani lokaci har da lemo da kuɗin mota. Wai ana farfaɗo da wasan kwaikwayo ke nan.

Ba na ja da saƙon. Abin da ke ba ni haushi shi ne tun kafin marubuci ya ɗauki alƙalami an riga an yanke masa ƙarshen labari. Mugu zai tuba, mai unguwa zai yi nasiha, a tafa, a ɗauki hoton da za a liƙa a rahoto. Ɗan kallon da aka biya ya zo ba ya iya tashi ya fita in wasan ya gundure shi, ɗan wasa kuwa bai taɓa sanin ko ya iya ba.

A garin nan ake wannan, garin da gidan rediyo da talabijin na Arewa ya fara aiki a 1962, ya kuma raini 'yan wasan da har yau ake ambato. Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne da ya kwaso rayuwar bariki da gaurayen Hausarta ya sa Arewa dariya shekara da shekaru. Ƙasimu Yero, da ya riga shi a 2017, in ya murtuke fuska gida kan yi tsit. Darasi na cikin wasanninsu, amma don daɗin kallo mutane ke barin abin da suke yi su zauna.

Za a ce ai wasan wayar da kai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi ƙarfi tun shekarun 1970. Gaskiya ne, sai dai su can ɗalibai kan shiga Samaru da ƙauyuka su saurari damuwar mutane kafin su haɗa wasa. Na yanzu daga ofis ake aiko da jigo.

Masu cewa talauci ne ya hana sayen tikiti su leƙa gidajen kallon ƙwallo na Rigasa da Tudun Wada ranar Asabar. Masu cewa wasa mai waƙa da rawa kwaikwayon Indiya ne kuwa, ban san inda suke ba lokacin tashe, da yara ke bin gida-gida cikin azumi da waƙa da amshi da shigar ban dariya, kuma a ba su sadaka gwargwadon yadda suka burge.

Ƙungiya guda ta yi ƙarfin hali mana. Ta nemi zauren makaranta ko na unguwa, ta sa wasa da Hausa kan haya da mai gida, ko rikicin ɗan Keke Napep da fasinja, ta sa kuɗin shiga daidai aljihun talaka, ta maimaita duk ƙarshen mako. Watakila daren farko kujeru su fi mutane yawa. Masu tallafi in da gaske suke, su biya kuɗin zaure da janareta, su cire hannunsu daga rubutun.