Samari, a rage saurin amsa

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuke kwana a Mararaba, Nyanya, Kubwa ko Zuba, kuna wuni a cikin gari. Ga tambaya kafin a shiga magana. Wani mai shago a kasuwar Wuse ya sayar da kayan naira 700. Mai saye ya miƙo dubu ɗaya, shi kuwa ba shi da canji, sai ya leƙa wurin maƙwabcinsa ya canjo, ya ba mai saye 300, mutum ya yi gaba da kayansa. An jima sai ga maƙwabci yana huci, wai dubun nan jabu ce. Mai shago ya ba shi haƙuri, ya zaro dubu mai kyau ya biya shi. Nawa mai shago ya yi asara?

A jefa wannan a teburin mai shayi, kafin a gama soya ƙwai an sami amsa uku: wani 2,000, wani 1,700, wani 1,300, kowa da rantsuwarsa. Amsar dubu ɗaya ce. Maƙwabci ya ba da dubu, ya karɓi dubu, bai ci ba, ba a ci shi ba, don haka a cire shi daga lissafi. Saura mutum biyu. Mai jabu ya tafi da kayan 700 da canjin 300, ya bar takardar banza. Abin da ya shiga hannunsa shi ne abin da ya fita daga hannun mai shago. Masu cewa 2,000 sun ƙirga dubun da aka biya maƙwabci, sun manta cewa dubun maƙwabcin ce aka mayar masa: 300 ɗin canji daga cikinta aka bayar, 700 kuma suka rage a aljihun mai shago.

Babu wanda ya faɗi wannan tambaya don rashin ƙwaƙwalwa. Gaggawa ce ta kayar da su. Kuma gaggawar nan ba a majalisa take tsayawa ba. Ita ce take sa saurayi ya tura labarin ƙarya zaure goma na WhatsApp kafin ya karanta shi zuwa ƙarshe, ita ce take sa ya zuba jarinsa a hannun 'yan damfara. Shi ya sa nake ganin wasa ƙwaƙwalwa ba aikin yara ba ne.

Ga wata gajeruwa. Waya da rigarta naira 110,000, wayar ta fi rigar da 100,000. Nawa ne rigar? Bakinka zai ce dubu goma. Tsaya ka gwada: in riga 10,000 ce, waya 110,000 ke nan, jimla 120,000, lissafi ya ɓaci. Riga 5,000, waya 105,000. Dabarar ita ce ka mayar da amsarka cikin tambayar ka ga ko ta zauna. Daƙiƙa biyar ce, amma yawancinmu ba mu yi.

Yanzu a kai wannan dabara inda take da tsada. A 2016 MMM ta cika ƙasar nan da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a kowane wata, a watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane, kuka ya tashi ko'ina. Tun daga lokacin irinta suke ta fitowa da sababbin sunaye. Ɗauki kwalkuletar wayarka ka sa 10,000, ka ninka da 1.3 sau goma sha biyu. Za ka ga kusan 233,000 a shekara ɗaya. Ci gaba har sau talatin da shida, wato shekara uku: kusan naira miliyan 126, daga dubu goma. Sai ka tambayi kanka, wace sana'a ce take haifar da wannan? Sayar da siminti a Dei-Dei? Kiwon kaji a Kuje? In da akwai ta, mai ita ba zai zo yana roƙon dubu gomarka ba, banki zai je, ko ya yi shiru ya ci shi kaɗai. Yadda abin yake aiki ba ɓoyayye ba ne: kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da su, ranar da sababbi suka ragu, ranar asusu yake “samun matsala”. Abokinka da ya nuna maka alat ba ƙarya ya yi ba, an biya shi, amma da kuɗin irinka.

Tarihi kuma nan ne saurin amsa ya fi yi mana ɓarna, domin kowa gani yake ya sani. Mutum ya shekara goma yana bin hanyar Zuba, a tambaye shi Dutsen Zuma a ina yake, ya ce Abuja. A Jihar Neja yake, wajen Madalla. Mai kwana a Mararaba ya ce shi ɗan Abuja ne, alhali gwamnansa yana Lafiya. A ce ya lissafa ƙananan hukumomi shida na babban birnin, ya kawo AMAC da Bwari da Gwagwalada, ya tsaya yana susar ƙeya; Kuje da Kwali da Abaji sun ɓace masa.

Labarin garin kansa ya cancanci a riƙe shi da shekarunsa. Abuja ta farko ita ce Suleja ta yau. Bayan jihadi, sarautar Haɓe ta Zazzau ta yiwo kudu tare da Sarki Muhammadu Makau, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin a 1828, shi ya sa har gobe sarkin Suleja yake amsa sunan Sarkin Zazzau. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba batun barin Legas. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da sabon babban birni, a jawabin da ya mayar da jihohi 19. Kwana goma bayan nan, 13 ga Fabrairu, aka kashe shi a Legas. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Amma gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Don haka in an ce “wa ya mayar da babban birni Abuja?”, kada ka yi tsalle. Ka ce wa mai tambaya ya fayyace: wanda ya yanke hukunci yake nufi ko wanda ya kwashe kaya? Shekara goma sha biyar da wata goma ke tsakani. Rabin gardamar majalisa irin wannan ce, mutum biyu suna da gaskiya a kan tambayoyi daban-daban, suna ta tayar da jijiyar wuya. Kuma kafin duk wannan akwai Gbagyi da sauran mutanen ƙasar da aka tarar a kan gonakinsu. Wanda ya ba da tarihin Abuja ya tsallake su, rabi ya faɗa.

Aljihunka ma littafi ne. Fito da naira ashirin. Gaba Murtala ne, kowa ya sani. Juya bayanta: matar da take gina tukunya ita ce Ladi Kwali, mutuniyar Kwali ɗin nan da aka manta ɗazu. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Naira ɗarin da aka fitar a 1999 tana da Awolowo a gaba, Dutsen Zuma a baya. Dubu kuma mutum biyu ne, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Mutum yana neman dubun nan tun asuba, amma bai taɓa kallon fuskarta ba.

Ƙarya tsagwaronta ba ta cika wahalar kamawa ba. Mai wuya ita ce magana mai rabin gaskiya. Misali, kullum ana yaɗa cewa matar Lugga ce ta raɗa wa Nijeriya suna. Flora Shaw ta kawo sunan ne a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, tana 'yar jarida, aurensu kuwa sai 1902. Matar daidai ce, amma lokacin ba matarsa ba ce. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. Haka ne, sai dai wanda ya saba barin ƙanana su wuce, manya ma za su wuce shi.

To yaya ake tacewa? In saƙon “ko ka san cewa” ya shigo, fara neman abu uku a cikinsa: wa, yaushe, a ina. In babu shekara, babu wuri, sai “masana sun ce”, ka ajiye shi. In akwai shekara, ka yi ɗebewa. Saƙon da ya ce Sardauna ya yi magana a kan naira ya mutu nan take, domin an kashe Sardauna a Janairun 1966, naira kuwa ta fara aiki 1 ga Janairu 1973. Hoton da aka ce Legas ce a 1965 amma motoci suna bin hannun dama, akwai tambaya a kansa, tunda sai 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu. Ka haddace 'yan shekaru kaɗan su zame maka ma'auni: 1914 haɗewar Kudu da Arewa, 1960 'yanci, jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Hoto kuma a sa shi a Google Lens, sau da yawa zai fito da inda aka fara wallafa shi, ka tarar gobarar da aka ce jiya ce a Nyanya ta shekara biyar a wata ƙasa. Inda ake zamewa shi ne a ga shafi goma sun faɗi abu ɗaya a ce ya tabbata. Duba kalmominsu. In jimlolin iri ɗaya ne, har kuskuren rubutun, to mutum ɗaya ne ya faɗa, tara suka kwafa.

Akwai wani ɗan lissafi da zai yi maka amfani wajen hira da dattawa da karatun tsofaffin takardu. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa azumi yake zagaya damina da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. In kana son juya Miladiyya zuwa Hijira, cire 622, ka ninka da 33, ka raba da 32. Gwada 1976: saura 1354, a ƙarshe ka sami 1396 da 'yan kai, kuma ita ce shekarar. Yakan kauce da shekara ɗaya, gwargwadon watan da ake magana a kai, don haka kada ka yi rantsuwa da shi. Abin dariyar shi ne duk mai shekara 33 a takardar haihuwa ya cika 34 a lissafin wata. Masu rage shekaru sai su san da wane suke ragewa.

Majalisa dai ba za a daina ba, kuma ban ce a daina gardamar Arsenal ba, ta riga ta zama jarrabawar da Allah ya ɗora wa wasu. Abin da nake cewa a ware minti ashirin a dare. Mutum ɗaya ya kawo tambaya, kuma sharaɗi ne ya san amsar da dalilinta. A kifa wayoyi, a ba da minti biyu babu mai magana. Duk wanda ya amsa sai ya faɗi yadda ya kai ga amsar, domin mai cinka daidai bai fi mai kuskure da hujja amfani ba. Kada a sa kuɗi ko na shayi ne. Da zarar kuɗi ya shiga, ya zama caca, kuma za a rabu da gaba. Kada a yi wa wanda ya faɗi dariyar da za ta hana shi buɗe baki gobe. A riƙa cakuɗawa da na gida, irin “baba na ɗaka gemu na waje” da “shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya”, don akwai ƙannenmu da aka haifa a Gwarimpa da ba su taɓa jin hayaƙi da tsintsiya a kacici-kacici ba. A kuma dawo da al'adar ba da gari: wanda ya kasa ya ce “na ba ka gari”, sannan a warware masa. Akwai tarbiyya a ciki, domin tana koya wa mutum furta “ban sani ba” a gaban tsaransa ba tare da ya ji ƙasa ta tsage ba.

Tsohuwar tambayar kura da akuya da damin harawa ma tana da abin koyarwa. Mutum ne zai haye kogi da su, kuma ba a barin kura da akuya, ko akuya da harawa, su kaɗai. Kwalekwale ba ya ɗaukar sai mutum da abu ɗaya. A kai akuya, a dawo, a kai kura, a dawo da akuya, a kai harawa, a dawo, a ɗauko akuya: tsallakawa bakwai. Kusan kowa a ta huɗu yake maƙalewa, don ba ya kawo wa ransa cewa ana iya dawo da abin da aka riga aka haye da shi.

Ga ta daren yau. Mai manja a kasuwar Karu yana da galan mai lita biyar da mai lita uku, babu zane a jikinsu, ga duro cike. Mata ta zo tana son lita huɗu cif. Cikawa, juyewa da zubarwa cikin duro kawai aka yarda, kuma mataki shida ya isa. Wanda ya kasa ya ba da gari, amma ban da Mararaba, don ko an karɓa cunkoso ba zai bari a isa ba.